Shin Soye-soye da Gashin Nama Na Hana Mace Haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 28, aurena shekara uku ke nan, ban taɓa samun ko ɓatan wata ba. Al'adata ba ta zuwa a kan lokaci, wani lokacin sai in yi wata biyu ko uku ban gan ta ba, ga ƙiba da ta ƙaru mini bayan aure, ga 'yan gashi da suka fito mini a haɓa. Na je asibiti an yi mini hoto, likita ta ce PCOS ne, ta ce in rage nauyi in dawo tare da maigidana, amma shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Kwanakin baya na ga wani bidiyo a waya ana cewa soyayyen abinci da gasasshen nama suna ɗauke da gubar da ke kashe ƙwan mace. Ni kuwa tun ina gidanmu nake son soye-soye, kuma kusan kullum maigida sai ya shigo mana da tsire ko balangu da daddare. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, gani nake ni na jawo wa kaina. Gaskiya ne? In na daina ci zan samu ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya yaye miki wannan damuwa, Ya kawo rabo mai albarka. Zan fara da abin da ya fi ci miki rai: ba ke kika jawo wa kanki ba. PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ake kira homon wadda kan hana ƙwan mace nuna ya fito a kan lokaci, lalura ce da gado ke da babban hannu a cikinta, shi ya sa ake yawan samun ta a wurin uwa da 'ya, ko yaya da ƙanwa, kuma tana shafar kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa a duniya, da masu cin tsire da waɗanda ko ƙamshinsa ba sa so. Amma bidiyon da kika gani bai taso haka siddan ba. Akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa wadda aka kambama, kuma ga mace mai irin lalurarki ya dace ta san wannan gaskiya yadda take, domin ta yi amfani da ita ba tare da ta ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba.

Duk lokacin da nama, kifi ko ƙwai suka haɗu da zafi mai yawa ba tare da ruwa ba, sukarin da ke cikin abincin yakan manne wa furotin da kitsen da ke cikinsa. Wannan haɗuwa ce ke sa nama ya yi ja ya yi ƙamshi a kan garwashi, ita ce ke sa bayan burodi ya yi duhu, kuma wani masanin Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayyana ta a shekarar 1912. Daga cikin abin da take haifarwa akwai wasu sinadarai da masana ke taƙaita sunansu da haruffan AGE. Ruwan da ke tafasa ba ya wuce digiri 100, man suya kuwa yakan kai digiri 170 zuwa 180, garwashi ya fi haka, saboda haka yawan sinadaran ya danganta ƙwarai da yadda aka dafa abincin. A shekarar 2010 masu bincike a asibitin Mount Sinai da ke birnin New York na Amurka suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa nau'in abinci 549, inda suka gano cewa gashi da suya na ninka waɗannan sinadarai sosai, har kazar da aka gasa ta ninka wadda aka dafa a ruwa kusan sau biyar. Sun kuma gano cewa nama mai kitse ne ke kan gaba, alhali hatsi, wake, ganye, 'ya'yan itace da madara kaɗan suke ɗauke da su ko bayan an dafa. Ba duk abin da aka ci jiki ke sha ba. Kusan kashi ɗaya cikin goma ne ke shiga jini, ƙoda kuma tana fitar da wani ɓangare ta fitsari, saura ya zauna a jiki.

Alaƙarsu da haihuwa ta fito ne musamman daga aikin wata likita a birnin Atina na ƙasar Girka, Evanthia Diamanti-Kandarakis, da abokan aikinta. A shekarar 2005 suka nuna cewa mata masu PCOS suna da waɗannan sinadarai a jininsu fiye da sauran mata, ko da kuwa ba su da ciwon sukari. Daga baya suka same su a cikin gidan ƙwan irin waɗannan mata, suka kuma ga cewa ɓerayen da aka ciyar da abinci mai yawan sinadaran sun tara su a gidan ƙwansu, kuma homon ɗin maza ya ƙaru a jininsu. Bayanin da ake bayarwa shi ne, a jikin ƙwayoyin halittar da ke kewaye da ƙwan mace suna renonsa akwai wata mahaɗa da sinadaran ke maƙalewa, in sun maƙale sai su tayar da wani ɓoyayyen kumburi, su kuma dagula yadda gidan ƙwai ke amsa saƙon insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, da na homon ɗin da ke sa ƙwai ya nuna ya fito. A Japan ma, a shekarar 2011, an lura cewa cikin matan da ake haɗa musu ƙwai da maniyyi a wajen mahaifa, wato IVF, waɗanda sinadaran suka yi yawa a jininsu da cikin ruwan da ke kewaye da ƙwai sun fi samun ƙarancin nasara.

Ki lura da iyakar wannan shaida, domin a nan ne masu bidiyo ke wuce gona da iri. Babban ɓangarenta daga dabbobi da ɗakin gwaji ya fito. Binciken da aka yi a Girka aka wallafa a 2014, wanda aka sauya wa mata masu PCOS tsarin girki na wata bibbiyu, ya nuna cewa rage gashi da suya ya saukar da insulin da homon ɗin maza a jininsu, abin da yake labari ne mai daɗi, sai dai matan ba su kai hamsin ba, kuma abin da aka auna sakamakon gwajin jini ne, ba a ƙirga yawan waɗanda suka haihu ba. Don haka a faɗi cewa tsire yana kashe ƙwan mace zuƙi-ta-malle ce. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, yawan cin abincin da wuta ta gasa ko mai ya soya yana iya ƙara wa mai PCOS nauyi a kan wanda take ɗauke da shi, kuma rage shi abu ne mai araha da ba ya cutarwa. In kin tambaye ni ko dainawa kaɗai za ta kawo ciki, ba zan yi miki wannan alkawari ba, kuma duk wanda ya yi miki shi ki yi hattara da shi.

Akwai ɓangaren maganar da bidiyoyi ba sa faɗa, wanda a ganina ya fi muhimmanci gare ki. Jikin mutum da kansa yana ƙera waɗannan sinadarai, kuma yana ƙera su da yawa ne idan sukari ya daɗe yana yawo a jini. Gwajin nan na HbA1c da ake yi wa masu ciwon sukari, abin da yake aunawa ke nan: yawan sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Mafi yawan masu PCOS jikinsu ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai jikin ya riƙa ƙaro shi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka ƙi buɗewa yana ƙara ƙarfi, kuma wannan insulin da ya yi yawa shi ke tunzura gidan ƙwai ya fitar da homon ɗin maza fiye da kima. Daga nan ne gashin haɓa ke fitowa, ƙwai ya kasa kaiwa ga fita, al'ada ta riƙa tsallake watanni. Saboda haka idan kika bar tsire amma kika ci gaba da shan lemon kwalba a kan kowane abinci, da shayi mai cokali uku na sukari da burodi da safe, da tulin farar shinkafa da taliya da rana, kin rufe ƙaramar kafa ne kin bar babbar a buɗe. Ki fara da abin sha mai zaƙi, har da zoɓo da kunun aya da ake cika wa sukari, domin nan ne sauyi ya fi saurin nuna kansa. Rage kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyin jiki yakan dawo wa mata masu PCOS da dama da al'adarsu a kan lokaci. Ga mai kilo 80, kilo huɗu zuwa takwas ke nan, wanda ake iya cim masa cikin watanni da gyaran ci da tafiyar ƙafa ta rabin sa'a a yawancin ranakun mako, ba da yunwa ba.

Game da girki kuwa, abin farin ciki shi ne ba sai kin nemo wani baƙon abinci ba, domin girkinmu na gado galibinsa na ruwa da turiri ne. Tuwon dawa ko na gero da miyar kuka, miyar kuɓewa, miyar taushe, fate, dambu, alale, ɗanwake, kwaɗon zogale ko na rama, farfesun kifi ko na kaza, duk suna cikin abincin da waɗannan sinadarai ba su da yawa a ciki. Inda muke ƙara su da hannunmu shi ne al'adar nan ta tafasa nama, a tsame shi, a jefa cikin mai a soya har ya yi ƙarau ya yi duhu, sannan a mayar da shi cikin miya. Ki gwada barin wannan mataki na tsakiya: ki dafa naman da albasa, citta, tafarnuwa da kayan ƙamshi har ya yi laushi, ki zuba shi da ruwansa cikin miyar kai tsaye. Ƙwai ki fi yawan dafa shi, doya da dankali ma haka, wake kuma ki karkata ga alale fiye da ƙosai. In za ki soya dankali ko doya, ki tsame su da zarar sun yi ruwan zinariya, kada ki jira su yi baƙi, domin abinci mai sitaci idan ya ƙone yakan haifar da wani sinadarin daban mai suna akirilamaid, wanda masu bincike a Suwidin suka gano a cikin abinci a 2002, kuma ana ba da shawarar rage shi saboda wasu dalilan lafiya. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi ya yi kauri, irin wanda ake gani a kaskon wasu masu suya a bakin titi, ki guje shi a gida da waje. Lokacin azumi ne wannan ya fi wuya, da yake buɗe-baki ya koma na soye-soye kala-kala, don haka ki tsara abinki tun kafin watan ya kama.

Tsiren da maigida ke shigowa da shi alheri ne da nuna kulawa, kada ki mayar da shi abin faɗa. Ki roƙe shi a mayar da shi na sau ɗaya a mako, ko ya riƙa kawo ɗanyen naman ki yi muku farfesu. Ranar da za ki gasa da kanki, ki jiƙa naman cikin ruwan lemun tsami da kayan ƙamshi na tsawon sa'a guda kafin ki ɗora shi a wuta. Masu binciken New York ɗin nan sun ga cewa yin haka yana rage sinadaran da fiye da rabi. Ki bari harshen wuta ya mutu sai garwashi, ki riƙa juyawa akai-akai, ki yanke gefen da ya babbake ki zubar, ki ci da albasa, tumatir da kabeji masu yawa. Amma kada tsoron gashi ya sa ki ci naman da bai dahu ba, domin ɗanyen nama na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu hatsari ga mai ciki da abin da ke cikinta. Kada kuma ki yanke cin nama gaba ɗaya, mace mai neman ciki tana buƙatar sinadarin ƙarfe da ke cikinsa, kuma ƙarancin jini ya riga ya yi wa matanmu yawa.

Hayaƙi ma yana cikin lissafi. Hayaƙin taba na ɗauke da irin waɗannan sinadarai da wasu da suka fi su muni, kuma illarsa ga ƙwan mace da maniyyin namiji tabbatacciya ce fiye da ta kowane soyayyen abinci, shisha kuma ba ta fita daga wannan hukunci ba. In da itace ko gawayi kike girki, ki yi shi a fili ko inda iska ke ratsawa.

Yanzu ga maganar da nake so ki fi riƙewa, wato zancen maigida. Likitarki ta yi daidai da ta ce ku dawo tare. Ma'aurata da suka shekara suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba, ƙa'idar likitanci ita ce a bincike su duka biyun, ku kuwa kun shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya yana fuskantar jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma a kusan rabin ma'auratan da ke cikin wannan hali akan tarar da ɓangaren namiji yana da hannu, shi kaɗai ko tare da na matar. Namiji na iya zama lafiyayye, mai ƙarfi, ba ya da wata matsala a shimfiɗa, amma ƙwayoyin maniyyinsa su yi ƙaranci ko su kasa motsi, kuma babu yadda za a sani sai da gwaji. Gwajin nan yana da sauƙi, ba allura ba tiyata, kuma kuɗinsa bai kai na yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mace ba. Samun PCOS a wurinki bai wanke shi ba, domin matsala biyu na iya haɗuwa a gida ɗaya, kuma abin takaici ne mace ta shekara tana shan magani tana hana kanta abinci alhali akwai abin da ba a duba ba. Ki zaɓi lokacin da ku biyu ne kaɗai kuma hankalinsa a kwance yake, kada ki kawo maganar gaban danginsa ko naki, kuma kada ki sa ta zama tuhuma. Ki ce masa likita ba za ta iya fara ba ki maganin da ya dace ba sai ta ga sakamakon ku biyun, wanda gaskiya ne, ki roƙe shi ya taimaka miki da wannan. In ya fi sakewa da likita namiji, a nema masa. In ya ci gaba da ƙi, ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri ya yi masa magana.

Ke ma akwai abin da ya rage a duba miki. A ƙasashenmu toshewar bututun mahaifa sakamakon ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana cikin manyan dalilan rashin haihuwa, kuma hoton da aka yi miki ba lallai ya nuna shi ba. Akwai hoto na musamman da ake kira HSG, wanda ake zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ga ko ya ratsa. Ki tambayi likita game da shi, da gwajin sukari, da na maƙoƙo, da na homon ɗin da ke kawo ruwan nono, domin su ma suna iya rikita al'ada. Idan bututun a buɗe yake kuma sakamakon maigida ya yi kyau, PCOS na cikin dalilan jinkirin haihuwa da suka fi jin magani. Akwai ƙwayoyin da ake sha na kwana biyar a farkon al'ada domin su sa ƙwai ya nuna ya fito, irin su letrozole da clomiphene, wani lokacin a haɗa da metformin, kuma mata da yawa masu irin lalurarki sun haihu ta wannan hanya. Sai dai kada ki saye su a kemis da kanki don wata ƙawa ta sha ta dace, domin ana shan su ne ƙarƙashin kulawar likita da ke bibiyar girman ƙwai ta hoto, saboda suna iya tayar da gidan ƙwai fiye da kima. Ki kuma gaya wa likita duk lokacin da kika wuce wata uku ba ki ga al'ada ba, domin barin bangon mahaifa yana ta kauri na tsawon lokaci ba shi da kyau, kuma akwai maganin da ke saukar da ita.

Ina roƙonki ki kiyayi masu tallar magani a waya da ke cewa suna da haɗin da ke wanke gubar soye-soye daga mahaifa. Sau da yawa irin bidiyon da ya firgita ki share fage ne na wannan ciniki. Babu wani jiƙo ko shayi da aka tabbatar yana fitar da waɗannan sinadarai daga gidan ƙwai, wasu haɗe-haɗen kuma na iya taɓa hanta da ƙoda, ita ƙodar da aikinta ne ta fitar da su. Matsi da ake cusawa a gaba ya fi hatsari, domin yana iya jawo ƙonewa da ciwon da zai toshe hanyar da a da lafiyarta ƙalau.

Kafin ranar komawarki asibiti, ki fara shan folic acid mai awon mikrogiram 400 kullum, ko adadin da likita ta rubuta miki, domin ana so mace ta fara shi tun kafin ciki ya shiga saboda kare jariri daga nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa. Tunda al'adarki ba ta da tsayayyen lokaci, manhajojin ƙirga kwanaki na waya ba za su yi miki aiki sosai ba. Kusantar juna duk bayan kwana biyu ko uku ya fi dacewa da yanayinki. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da al'ada ta zo da ranar da ta ɗauke, da nauyinki sau ɗaya a wata, da duk wani magani na asibiti ko na gargajiya da kika sha, ki tafi da shi tare da sakamakon hoton da aka yi miki, ki nemi a haɗa ku da likitan mata da ya ƙware a kan matsalar haihuwa a babban asibitin da ya fi kusa da ku.